Tsofaffin Motocin Tsere: Tarihin Da Muke Sayarwa Da Kilo

Daga wakilinmu a Bauchi

Duk wanda ya fita daga tsakiyar birnin Bauchi ya kama hanyar Maiduguri zai ratsa ta wajen Tirwun, kuma kamar yadda yake a bakin kowane babban gari na Arewa, zai yi ta wuce garejojin kanikawa da rumfunan masu faci da na masu walda. A bayan irin waɗannan garejoji ba a rasa gawar tsohuwar mota guda ko biyu, an ɗora ta bisa duwatsu, tayoyi sun tafi, gilasai sun farfashe, awaki sun mai da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Sau da yawa idan ka duba da kyau za ka tarar Peugeot 504 ce, watau Fijon nan da ta yi zamani tana jigilar fasinja tsakanin Bauchi da Jos da Kano da Maiduguri. Ƙarshen yawancinsu ɗaya ne. Wata rana 'yan gwangwan za su zo da guduma da sikeli, a sassare ta, a auna ƙarfen, a biya mai ita kuɗin kilo.

Abin da mai gareji bai cika sani ba shi ne, irin wannan mota ta taɓa lashe manyan gasannin tseren motoci na nahiyar Afirka, har ma ta taɓa shigowa Kano cikin ƙura a tsakiyar wata gasa ta duniya. A wasu ƙasashe kuwa, tsofaffin motocin tsere da labarin direbobinsu sun zama sana'a mai zaman kanta, wadda ke ciyar da kanikawa da masu otal da masu gwanjo da masu inshora. Wannan sharhi zai bi sawun tarihin, tun daga Amurka inda aka ƙirƙiro tseren gajeren zango, zuwa Kano da Agadas da Argungu, domin mai karatu ya auna da kansa ko akwai abin da ɗan kasuwa zai tsinta a ciki.

Asalin tseren rubu'in mil

Tseren motoci iri-iri ne. Akwai na zagaye fili, akwai na dogon zango wanda ake kira rali, akwai kuma wanda ya fi kowanne gajarta, watau tseren rubu'in mil. A wannan na ƙarshe, motoci biyu ne ke jeruwa kafaɗa da kafaɗa a kan miƙaƙƙen titi, a ba su alama, su zabura daga tsaye, wadda ta riga kai ƙarshen mita 402 ita ta ci. Bahaushen da ya san sukuwa ba zai sha wahalar gane shi ba, domin kusan abu guda ne, illa dai a nan inji ne a madadin ingarma.

Wasan ya samo asali ne a jihar Kalifoniya cikin shekarun 1930, lokacin da samari masu ƙaramin ƙarfi ke sayen tsofaffin motocin Ford da araha, su cire duk abin da ke ƙara nauyi, su yi wa injin dabaru, sa'an nan su tafi busassun tafkunan hamadar Mojave su gwada gudu. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, dubban sojoji suka dawo gida da ilmin kanikanci da suka koya a kan jiragen sama da motocin yaƙi. Abin ya bunƙasa, ya kuma koma kan titunan cikin gari da daddare. Haɗurra suka yawaita, jaridu suka yi ca, 'yan sanda suka shiga farautar masu yi.

Abubuwa biyu ne suka fitar da wasan daga hannun 'yan sanda suka mai da shi kasuwanci. Na farko, a shekarar 1950 wani mutum mai suna C.J. Hart da abokan hulɗarsa suka sami izinin amfani da wani titin saukar jiragen sama a Santa Ana, suka riƙa shirya tsere a ranakun Lahadi, ana biyan kuɗin shiga. Na biyu, a 1951 Wally Parks, editan mujallar Hot Rod, ya kafa ƙungiyar NHRA, wadda ta tsara dokoki, ta raba motoci aji-aji, ta wajabta binciken lafiyar mota kafin tsere, ta kuma riƙa tura jami'anta gari-gari suna zama da 'yan sanda da hukumomi. A 1955 ƙungiyar ta yi gasarta ta farko ta ƙasa baki ɗaya a garin Great Bend na jihar Kansas. Hujjar da Parks ya riƙe mai sauƙi ce: saurayin da ke son gudu zai yi gudu, ko an yarda ko ba a yarda ba, saboda haka gara a ba shi fili mai shinge da motar asibiti a gefe da a bar shi a kan titin da jama'a ke bi.

Direbobin da suka biya da jikinsu

Motocin wancan zamani, waɗanda a yau ake adanawa a gidajen tarihi, sigarsu abin tsoro ce. Doguwar ƙira ce ta bututun ƙarfe, ƙananan tayoyi a gaba, manya a baya, ƙaton inji a tsakiya, direba kuwa yana zaune can baya, ƙafafunsa a gefen akwatin giya, fuskarsa daf da injin. Idan inji ya fashe, mai da wuta a fuskarsa suke sauka. Man da suke ƙonawa, wanda ake kira naitiro, ƙarfinsa ya kai har ƙungiyar NHRA ta hana amfani da shi daga 1957 zuwa 1963.

Babu sunan da ya kai na Don Garlits, mutumin jihar Fulorida, wanda aka haifa a 1932, a tarihin wannan wasa. Bakanike ne da ke ƙera motocinsa da hannunsa, ya kuma sa musu suna Swamp Rat, yana bin su da lamba. A watan Maris na 1970, a filin Lions da ke Kalifoniya, akwatin giyar motarsa ya tarwatse a daidai lokacin tashi, ya raba motar gida biyu, ya kuma yanke masa wani ɓangare na ƙafar dama. Yana kwance a asibiti ya shiga zana sabuwar mota wadda direba zai zauna a gaba, inji a bayansa. Wasu sun gwada haka kafin shi ba su dace ba, amma tasa, Swamp Rat ta 14, ta fara cin gasa a 1971, kuma cikin 'yan shekaru duk masu ƙera irin waɗannan motoci suka koma ga tsarinsa. A 1987 aka shigar da wata motarsa, ta 30, gidan tarihi na Smithsonian da ke birnin Washington.

Akwai kuma Shirley Muldowney, macen da ta ci kambun aji mafi ƙarfi har sau uku, a 1977 da 1980 da 1982, a lokacin da masu shirya gasa da dama ba su ma son ganin mace a layi. A 1992 Kenny Bernstein ya zama na farko da ya haura gudun mil 300 a sa'a. A 2008 kuma, bayan rasuwar Scott Kalitta a wani haɗari a jihar New Jersey, aka rage zangon manyan motocin daga mita 402 zuwa mita 305. Duk da haka, motocin wannan aji na yanzu kan cinye zangon cikin ƙasa da daƙiƙa huɗu, gudunsu ya wuce kilomita 530 a sa'a.

Ga ɗan kasuwa, shekarar 1970 tana da wani muhimmanci dabam. A wannan shekara ce kamfanin kayan wasan yara na Mattel ya ɗauki nauyin direbobi biyu, Don Prudhomme da Tom McEwen, domin tallata ƙananan motocinsa na Hot Wheels. Wannan ya nuna cewa kamfanin da ba ya sayar da mai ko taya ma zai iya cin riba daga jikin motar tsere. Kazalika, bayan an hana tallan taba a talabijin a Amurka a 1971, kuɗin tallan ya nemi wata mafita, sigarin Winston ya zama babban mai ɗaukar nauyin gasar NHRA daga 1975 har zuwa 2001. Ke nan abin da ake sayarwa a filin tsere shi ne idon 'yan kallo.

Ranar da tsere ya iso Kano

Ƙasar Hausa ta san tseren mota ne ta ƙofar rali. A watan Mayu na 1974, albarkacin gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta duniya da aka yi a Jamus ta Yamma, aka shirya wani tsere daga London zuwa Munich, amma ta doguwar hanya: Faransa, Sifen, Maroko, Aljeriya, a tsallake Sahara ta Tamanrasset zuwa ƙasar Nijar, a shigo Kano, sa'an nan a juya a sake tsallake hamadar zuwa Tunisiya, a koma Turai. Kano ita ce iyakar tafiyar ta kudu.

Motoci fiye da 50 ne suka tashi, amma a hamadar Aljeriya aka sami matsala. An ƙara tsawon wani titin kwalta bayan masu shirya gasar sun riga sun rubuta littafin kwatancen hanya, saboda haka alamun da direbobi ke nema suka ɓace musu. Da yawa suka ɓata cikin rairayi, wasu suka lalata motocinsu wajen neman hanya. Cikin waɗanda tafiyarsu ta ƙare a Sahara har da Stirling Moss, shahararren direban Ingila, wanda ke tuƙa Mercedes. A ƙarshe motoci 19 suka isa Munich, kuma biyar kaɗai daga ciki suka bi dukkan hanyar ba tare da yanke ba.

Motar da ta ci ita ce Citroën DS 23 ta wasu mutanen Ostireliya uku, Ken Tubman da Jim Reddiex da André Welinski. Shi Tubman mai kantin magani ne, kuma tun a 1953 ya taɓa cin wani babban tsere na ƙasarsu a cikin Peugeot 203. Matsayi na biyu da na uku da na huɗu kuwa duk Fijo 504 ce ta kwashe su. Ta biyun ma mata biyu ne 'yan Faransa suka tuƙa ta, Christine Dacremont da Yveline Vanoni, a ƙarƙashin wata ƙungiya da wani likitan haƙori, Bob Neyret, ya haɗa domin tallata man goge baki mai suna Aseptogyl. Watau tun shekaru hamsin da suka wuce wani ya ga ribar kawo tallan man goge baki har Kano a jikin mota.

Yadda tsere ya sayar da Fijo

Sunan da Fijo ta yi a Afirka a fagen tsere aka fara gina shi. Gasar Safari ta Gabashin Afirka, wadda aka soma a 1953, ta yi suna wajen karya motoci. Fijo 404 ta ci ta sau huɗu, a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, a hannun Nick Nowicki da Bert Shankland. A 1963 da 1968 motoci bakwai-bakwai ne kawai suka kai ƙarshe. Da 504 ta fito a 1968, ita ma ta bi sahu. A 1975 Ove Andersson ɗan ƙasar Suwidin ya ci Safari da ita, Hannu Mikkola ya ci gasar Maroko, Bernard Consten ya ci gasar Bandama ta ƙasar Kwaddibuwa. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya haɗa Safari da Bandama a cikin samfurin 504 mai ƙofa biyu da inji mai silinda shida.

Ita wannan shekara ta 1975 ita ce shekarar da masana'antar harhaɗa Fijo ta Kaduna, watau PAN, ta fara aiki. Direban tasha a Bauchi ba lalle ne ya taɓa jin sunan Andersson ba, amma abin da gasar ta tabbatar shi ma ya gani da idonsa: mota ce mai tsayin ƙafa, mai jure gargada, injinta ba shi da wuyar sha'ani, bakanike a ƙauye zai iya kwance shi ya mayar. An daina ƙera 504 a Faransa a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har zuwa tsakiyar shekarun 2000, abin da ya sa Nijeriya ta kasance cikin ƙasashe na ƙarshe da suka ƙera ta a duniya.

Bauchi ma tana da nata kaso a wannan babi. PAN ɗaya ce daga cikin masana'antu shida da gwamnatin tarayya ta kafa da haɗin gwiwar kamfanonin Turai a zamanin arzikin mai. Sauran su ne Volkswagen a Ikko, Leyland a Ibadan, ANAMMCO a Inugu, kamfanin manyan motocin Fiat a Kano, da kuma Steyr a nan Bauchi, wanda aka yi da haɗin gwiwar wani kamfanin ƙasar Ostiriya, ya fara fitar da manyan motoci da taraktoci a ƙarshen shekarun 1970. Faɗuwar farashin mai da karyewar darajar Naira bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 suka tsadar da kayan da ake shigowa da su domin harhaɗawa, motocin gwanjo na Turai suka cika kasuwa, masana'antun suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya rage shi ne hannu, watau kanikawa da masu walda da masu gyaran bodi da suka koyi aiki a wancan zamani, da yaran da suka yaye.

Agadas ta ci, ta kuma rasa

Garin da ya fi kowanne a yankinmu sanin abin da tsere ke kawowa, da abin da yake tafiya da shi, shi ne Agadas. Thierry Sabine, wani Bafaranshe da ya ɓata a hamada a kan babur a 1977 cikin gasar Abijan zuwa Nice, shi ya ƙirƙiro tseren Paris zuwa Dakar. Na farko ya tashi ranar 26 ga Disamba 1978, ya bi ta Tamanrasset da Agadas da Yamai da Gao da Bamako, ya isa Dakar ranar 14 ga Janairu 1979. Motoci da babura 182 suka tashi, 74 suka kai. A shekarun da suka biyo baya, hamadar Tenere ta zama zuciyar gasar, Agadas kuma ta zama zango. Fijo ta ci gasar shekaru huɗu a jere, daga 1987 zuwa 1990, uku daga ciki a hannun Ari Vatanen ɗan ƙasar Finlan, ɗaya a hannun ɗan ƙasarsu Juha Kankkunen.

Duk lokacin da ayarin ya sauka, masu masauki da 'yan jagora da masu sayar da mai da maƙeran azurfa da dukawa sukan yi cinikin da ba su yi a sauran watanni. Hotunan talabijin suka jawo masu yawon buɗe ido, kamfanonin jagora irin na Mano Dayak suka bunƙasa. A gefe guda kuma wata kasuwa ta buɗe, inda samarin Turai ke sayen tsofaffin Fijo a ƙasashensu, su tuƙo su ta Assamaka da Arlit, su sayar a Nijar, su koma gida a jirgi. Sai dai gasar ta jawo suka mai ƙarfi saboda mazauna ƙauyuka, har da yara, da motocin tsere suka kaɗe a ƙasashe daban-daban. Shi kansa Sabine ya rasu a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a Mali ranar 14 ga Janairu 1986.

Rashin tsaro ne ya rufe wannan kasuwa. Tawayen Abzinawa da rikicin Aljeriya na farkon shekarun 1990 suka toshe hanyar. A 1997 an yi gasar daga Dakar zuwa Agadas da komowa, amma a 2000, saboda barazanar hari, sai da aka kwashe ayarin gaba ɗaya a jiragen sama daga Yamai zuwa Libiya. A 2008 aka soke gasar baki ɗaya, a 2009 ta koma Kudancin Amurka, daga 2020 kuma Saudiyya ce ke karɓar baƙuncinta. Sunan Dakar yana nan, kuɗin ya tafi wani wuri. Darasin a fili yake: kasuwar da baƙo ya kawo a aljihunsa, ranar da ya ji tsoro da ita zai tafi.

A gida Nijeriya, akwai tseren motoci da ake haɗawa da bikin kamun kifi na Argungu, bikin da ya faro a 1934, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016. Da aka farfaɗo da bikin a watan Maris na 2020 bayan kimanin shekaru goma, Hukumar Tsara da Bunƙasa Ƙera Motoci ta Ƙasa, a ƙarƙashin shugabanta na lokacin Jelani Aliyu, ta yi amfani da tseren daga Abuja zuwa Argungu wajen baje kolin motocin da aka harhaɗa a cikin gida. Dabarar da Fijo ta yi a Safari ce aka maimaita, watau a bar hanya ta yi shaida.

Inda kuɗin yake

A ƙasashen waje tsohuwar motar tsere kadara ce. A watan Mayu na 2022 aka sayar da wata Mercedes 300 SLR ƙirar 1955 a kan Yuro miliyan 135, 'yar'uwar wadda Stirling Moss ya ci gasar Mille Miglia ta Italiya da ita a 1955. A Amurka, Garlits ya buɗe gidan tarihin motocin tsere a garin Ocala, ƙungiyar NHRA ta buɗe nata a Pomona a 1998, kuma tun 1992 ake taron tsofaffin direbobi da motocinsu a kusa da Bakersfield, inda jama'a ke biyan kuɗi domin kawai su ji an tayar da tsohon inji. A Kenya an kafa gasar Safari ta tsofaffin motoci a 2003, ita ma gasar Dakar ta buɗe nata ajin na tsofaffi a 2021.

Amma kada mai karatu ya ɗauka kowace gawar Fijo a Tirwun zinariya ce. Abubuwa uku ne ke sa tsohuwar mota daraja: ƙarancinta, kasancewar kayanta na asali, da takardun da ke tabbatar da tarihinta. An ƙera 504 fiye da miliyan uku, saboda haka mai ƙofa huɗu da ta sha tasha, aka sauya mata inji sau uku, aka yi mata walda ciki da waje, ba ta wuce kuɗin ƙarfenta da yawa ba. Wadda ke da daraja ita ce mai ƙofa biyu, ko wadda wani dattijo ya saya sabuwa a Kaduna ya ajiye da rasitinta da littafin rajistarta, ko wadda aka san wanda ya hau ta. Misali na kusa shi ne Marsandin marigayi Janar Murtala Muhammed, wadda aka harbe shi a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976. Tarihinta ne ya sa har yanzu ake zuwa kallonta a gidan tarihi na ƙasa da ke Ikko. A wannan kasuwa, takarda ta fi fenti tsada.

Hanya ta biyu ita ce fili. Kowa ya san wasan mota da samari ke yi a bukukuwan aure da ranakun Salla a garuruwanmu, kowa kuma ya san gidajen da aka yi zaman makoki saboda shi. Halin da Kalifoniya ta shiga ke nan kafin 1950. A cikin dukkan nau'o'in tsere, na rubu'in mil ne ya fi sauƙin jari, domin abin da yake bukata shi ne miƙaƙƙen titi na kimanin kilomita guda, rabi na gudu rabi na tsayawa, da shingen kankare tsakanin motoci da 'yan kallo, da na'urar auna lokaci, da motar kashe gobara da ta asibiti. Akwai kuma wani tsari da ake bi a Amurka wanda ke ba talaka damar shiga: kowane direba zai faɗi daƙiƙun da yake ganin motarsa za ta ɗauka, a saki mai rauni tukuna gwargwadon bambancin, wanda kuma ya yi sauri fiye da abin da ya faɗa ya faɗi. Da wannan tsari tsohuwar Fijo za ta iya kayar da sabuwar mota, domin sanin mota ake gwadawa, ba nauyin aljihu ba.

Kuɗin shiga na irin wannan fili yana zuwa ne daga tikitin 'yan kallo, da rajistar masu tsere, da hayar rumfuna ga masu abinci da masu kayan gyara, da kuma tallan kamfanonin man inji da taya da sadarwa. A bayan fage kuma akwai aikin kanikawa, da cinikin kasuwanni irin su Fanteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, da filin gwaji ga ɗaliban injiniya na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi.

Haɗarin jarin ma ba ɓoyayye ba ne. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, wasan da ke ƙona fetur ya ƙara tsada, kayan gyara kuma da kuɗin waje ake sayo su. Fili irin wannan 'yan kwanaki ne kawai yake aiki a wata, saboda haka dole a haɗa shi da wani abin, kamar makarantar koyon tuƙi ko kasuwar baje kolin motoci, in ba haka ba ciyawa ce za ta ci jarin. Mafi girma kuma shi ne rai. Haɗari guda da ya rutsa da 'yan kallo ya isa ya rufe wurin har abada. Duk wanda zai shiga wannan harka ba tare da inshora da amincewar 'yan sanda da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya ba, ya shiga caca ne.

Daga ina za a fara

Matakin farko ba ya bukatar miliyoyi. Ƙungiyoyin kanikawa da na direbobi a Bauchi za su iya buɗe rajistar tsofaffin motocin da suka rage da lafiyarsu, a rubuta lambar inji da ta bodi da shekarar ƙira da sunayen waɗanda suka mallake su. A zauna da tsofaffin direbobin tasha da tsofaffin ma'aikatan Steyr a ɗauki bayaninsu tun suna raye. Daga nan sai a gwada baje kolin rana guda a lokacin bikin Salla, inda jama'a suka riga suka taru domin kallon dawaki, a ga ko mutane za su biya, a ga kamfanin da zai kawo tutarsa. Idan wannan ya yi armashi shekara biyu ko uku, sa'an nan ne za a yi maganar fili da kwalta, domin da rarrafe yaro kan tashi.

Lokaci dai ba ya jira. Kowane mako ana sassare wasu daga cikin motocin nan, ana loda ƙarfensu a tirela zuwa masana'antun narka ƙarfe, su dawo mana a matsayin rodin gini. Wanda ke da tsohuwar Fijo a bayan gida, kafin ya kira mai sikeli, ya kamata ya fara buɗe akwati ya duba ko takardunta suna nan.